FUREN DA KE ƘOFAR GIDA DA SANKARAR JINI

Akwai wani ɗan tsiro da muke wucewa kullum ba mu kula da shi ba. Ana shuka shi don ado a ƙofar gidaje, da harabar makarantu da majami'u. Ganyensa kore ne mai sheƙi, furensa fari ko ruwan hoda mai kunnuwa biyar, kuma ba ya tsoron rani. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne, Turawa kuwa suna ce masa feriwinkil. Daga jikin wannan tsiro aka samo biyu daga cikin manyan magungunan da likitocin duniya suke yaƙi da sankarar jini da danginta da su.

Ita sankarar jini a ɓargo take farawa, wato inda jiki yake ƙera jini. Sai fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba tsari, ba su nuna ba, ba su da amfani, har su cunkushe wurin masu lafiya. Shi ya sa za a ga yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi yana zub da jini, ƙashi yana ciwo.

Yadda aka gano maganin abin mamaki ne, domin ba shi aka fita nema ba. Mutanen Jamaika sun daɗe suna shan ruwan ganyen don ciwon sukari. A 1952 aka aika da ganyen zuwa Kanada, ya shiga hannun Dokta Robert Noble na Jami'ar Yammacin Ontariyo. Ya gwada, sukari bai sauka ba. Amma da ya yi wa ɓeraye allurar ruwan, sai fararen ƙwayoyin jininsu suka zube ƙasa warwas, har cuta ta sami hanya ta kashe su. Wani zai ce aiki ya ɓaci. Shi kuwa sai ya yi tunani: abin da ya iya karya fararen ƙwayoyi, ashe ba zai yi amfani ga mai cutar da fararen ƙwayoyi suka yi masa yawa ba? Shi da abokin aikinsa Charles Beer suka tace sinadarin a 1958, aka sa masa suna binbilastin. Masu bincike na kamfanin Eli Lilly a Amurka suka fito da ɗan'uwansa binkiristin, hukuma ta amince da shi a 1963. A jikin kwalba ana rubuta shi Vincristine.

Aikinsa shi ne hana ƙwaya rabuwa. Kafin ƙwaya ɗaya ta zama biyu, sai ta saƙa wasu siraran zaruruwa da za su ja kayan cikinta gefe biyu. Maganin yana hana saƙar nan, ƙwayar ta tsaya a tsakiyar hanya ta mutu. Tun da ƙwayoyin sankara sun fi saurin rabuwa, su ne suka fi shan kashi.

A farkon shekarun 1960, cikin yara goma masu irin sankarar jinin da ta fi kama yara, da ƙyar ɗaya yake tsira. Yau a ƙasashe masu arziki kusan tara ne suke warkewa. Ba binkiristin kaɗai ya yi wannan ba, haɗa shi ake yi da wasu magunguna na tsawon shekara biyu ko fiye, amma har yanzu yana cikin ginshiƙan haɗin.

Mu ma abin ya shafe mu. A 1958 Dokta Denis Burkitt ya bayyana wata sankara a Yuganda mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, wadda ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da tamu. Dangin sankarar jini ce, tana girma da sauri ƙwarai, amma tana jin magani in an zo da wuri, kuma binkiristin yana cikin abin da ake ba su. Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a kanta a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972.

To, a nan ne muke roƙon a saurara da kyau. Kada wani ya karanta wannan ya je ya tsinko ganye ya dafa wa mara lafiya. Sinadarin da ke ciki kaɗan ne ainun: sai an tara busasshen ganye wajen kilo 500 kafin a sami giram 1 na binbilastin, na binkiristin kuwa ya fi haka nesa. Abin da zai cika tukunya sauran sinadarai ne masu yawa, wasunsu dafi. Shi kansa tataccen maganin ba a shansa, ta jijiya kaɗai ake ba da shi, bisa awon jikin yaro. Ko a hannun likita yana kawo mutuwar yatsu da taurin ciki, in kuwa aka yi kuskure aka sa shi a ƙashin baya, kisa yake yi.

Ba raina maganin gargajiya muke yi ba. Da ba don tsofaffin Jamaika ba, da Noble bai taɓa duban ganyen ba. Amma a lura, su don sukari suke sha, kuma a nan bai ci jarrabawa ba. Gwaji da awo ne suka nuna inda amfaninsa yake. Saboda haka in mai talla a kasuwa ko a mota ya ce jiƙonsa yana kashe sankara, a tambaye shi wa ya auna, a kan mutum nawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Daga cikin dalilan akwai zuwa asibiti a makare, da tsadar magani, da barin magani a tsakiya da zarar yaro ya fara jin sauƙi. A 2018 hukumar ta sa burin kai adadin zuwa kashi 60 kafin 2030. Yaron da zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin sauro, ko ya ɗashe, ko muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, gwajin jini yake bukata a babban asibiti cikin makon nan.