Ƙarancin ruwan sanyaya a sababbin motocin lantarki

Ƙarancin ruwan sanyaya a sababbin motocin lantarki shi ne saukar ruwan da ke sanyaya batir da sauran kayan wutar mota zuwa ƙasa da ma'aunin da kamfanin ƙera ta ya ƙayyade, alhali motar ba ta daɗe da fitowa daga masana'anta ba. Direba kan gane haka ta hanyar gargaɗin da ke fitowa a allon da ke gabansa, ko kuma idan ya buɗe gaban motar ya ga ruwan ya yi ƙasa da layin da ke jikin tankin roba. Sau da yawa iskar da ta maƙale a cikin bututu tun daga masana'anta ce ke jawo hakan, amma yana iya zama alamar yoyo. Lamarin ya fi nauyi a wurare masu tsananin zafi kamar arewacin Jihar Kano, inda kuma aka saba zuba wa lagireto kowane irin ruwa aka samu.

Aikin ruwan sanyaya

Motar lantarki ba ta ƙona fetur, amma tana yin zafi. Zafin yana fitowa ne daga batir, da injin lantarkin da ke juya tayoyi, da inbatar da ke sauya wutar batir zuwa irin wadda injin ke aiki da ita, da kuma cajar da ke cikin motar. Ƙananan famfuna masu aiki da lantarki ne ke zagaya ruwan ta cikin tiyo da faifan ƙarfen da ke manne da batir. Ruwan ya kwaso zafi ya kai shi lagireto a gaban mota, ko kuma wurin da na'urar sanyaya ɗakin mota za ta janye shi.

Ruwan injin fetur kan yi aiki a zafin digiri 90 na ma'aunin Salshiyas ko sama da haka ba tare da wata illa ba. Batirin litiyam kuwa ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 15 zuwa 35. Idan ya daɗe cikin zafin da ya wuce haka, ƙarfin riƙe cajinsa yana raguwa da sauri, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Batirin shi ne ɓangare mafi tsada a jikin motar.

Ruwan kansa haɗi ne na sinadarin etilin gilaikol da tataccen ruwa, yawanci rabi da rabi, tare da magungunan hana tsatsa. Irin wannan haɗi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma ya fi ruwa zalla jure tafasa. Wasu motoci tanki ɗaya gare su, wasu biyu, yayin da Chevrolet Bolt ke da zagaye uku: na batir, na kayan wuta, da na ɗumama ɗakin mota.

Dalilan raguwar ruwan

Bututun ruwa a motar lantarki dogaye ne masu yawan kwana da rassa, domin sai sun bi ƙarƙashin motar gaba ɗaya inda batir yake. Idan aka cika su a masana'anta, wani lokaci iska kan saura a lunguna. Da aka fara tuƙi da caji, famfuna sukan koro iskar zuwa tanki, ruwa ya maye gurbinta, sai a ga ma'auni ya sauka. Irin wannan raguwa takan faru sau ɗaya a makonnin farko ta tsaya.

Akwai kuma sauyin da zafi da sanyi ke kawowa. Ruwa yana kumbura idan ya ɗumama, ya koma idan ya huce, don haka abin da aka gani da asubar hunturu kan ɗan gaza abin da za a gani da azahar.

Dalili mafi haɗari shi ne yoyo, ko dai daga maɗaurin tiyo da bai ɗauru sosai ba, ko famfo, ko lagireton da dutse ya fasa, ko kuma cikin akwatin batir inda ido ba ya gani. Zagayen ruwan a rufe yake, kuma ba ya tafasa kamar na injin fetur. Saboda haka motar lantarki mai lafiya ba ta shan ruwa, kuma duk raguwar da ta maimaitu bayan an cika tanki ana ɗaukar ta a matsayin yoyo har sai bincike ya nuna akasin haka.

Wani lokaci ma gargaɗin kan fito alhali tanki a cike yake. An samu haka a motocin Hyundai Kona da Ioniq masu lantarki a ƙasashe da dama, inda allo ke neman a ƙara ruwan inbata saboda dattin da ya taru ya rage gudun ruwa a bututu. Kamfanin ya umarci dillalansa su wanke bututun su zuba sabon nau'in ruwa.

Illoli

Idan ruwa ya yi ƙasa sosai, famfo kan fara zuƙo iska, sanyayawa ta ragu. Kwamfutar motar takan kare kanta ta hanyar rage ƙarfin gudu, ko jinkirta caji, ko tsayar da motar ɗungurungum. Famfon da ya daɗe yana juyawa babu ruwa yakan lalace.

Yoyo a cikin akwatin batir ya fi wannan muni. Batirin yawancin motocin yana aiki da kimanin bolt 400, wasu ma 800, kuma ruwan lagireto na gama-gari yana ɗaukar wutar lantarki. Idan ya taɓa mahaɗar wayoyi yana iya haɗa wuta, wanda kan kai ga gobarar da ke da wuyar kashewa. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni suka koma ga ruwa na musamman wanda ba ya ɗaukar wuta sosai. Na Hyundai shuɗi ne, kuma ana canza shi duk bayan kilomita 60,000. Ƙasar Sin ta fara aiki da ma'aunin ƙasa na irin wannan ruwa a shekarar 2025.

Abin da rashin isasshen sanyi ke yi wa batir ya bayyana a Amurka a shekarar 2012. Nissan Leaf ta farko ba ta da ruwa a batirinta, iskar waje kawai take dogaro da ita. Masu motar a birnin Finiks na jihar Arizona, wanda ya yi suna wajen zafi, sun koka cewa batiransu sun rage riƙe caji tun motocin ba su shekara biyu ba. A ƙarshen shekarar kamfanin ya sanar da sabon garanti kan ƙarfin batir na shekara biyar ko mil 60,000.

Motocin lantarki a Najeriya

A watan Nuwamba na 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona a Legas a matsayin motar lantarki ta farko da aka haɗa a Najeriya, aikin kamfanin Stallion. A watan Afrilu na 2021 Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya shahara wajen mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur zuwa masu lantarki. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara jawo hankalin masu sufuri zuwa ga ababen hawan da ba sa buƙatar mai.

Ba kowane abin hawa mai lantarki ne ke da ruwan sanyaya ba. Yawancin babura da adaidaita sahu masu batir da iska suke hucewa, don haka batun ya fi shafar motoci da bas-bas.

Yanayin arewacin Kano

Ƙananan hukumomin Dambatta, Makoɗa, Bichi, Ghari, Tsanyawa da Minjibir suna cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, inda gona ke haɗe da gona kuma ake nome ta kowace damina. Motocin haya da na ɗaukar amfanin gona suna zirga-zirga tsakanin kasuwannin ƙauye da kasuwar hatsi ta Dawanau, ta hanyar Kano zuwa Katsina da ta Kano zuwa Daura. Motocin lantarki ba su yawaita a yankin ba tukuna, amma yanayinsa yana tattare da abubuwan da ke wahalar da tsarin sanyaya su.

Babba daga ciki shi ne zafin bazara. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40, wato iskar waje kanta ta wuce abin da batir ke so, sai motar ta dogara da ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ta huce. Tsarin yana aiki ko da motar na tsaye tana caji, don haka ƙarancin da ba zai dami kowa ba a ƙasa mai sanyi yana iya rage ƙarfin mota a nan. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussukar gero da dawa kan toshe ramukan lagireto, hanyoyin burji kuma suna girgiza maɗaurai tare da jefa tsakuwa ƙarƙashin mota.

Sai kuma sabo. Direbobin motocin fetur da gas sun saba buɗe lagireto da safe su cika shi da ruwan rijiya, na burtsatse ko na leda. Irin wannan ruwa yana ɗauke da narkakkun ma'adinai da ke barin ɓawo a cikin siraran hanyoyin ruwan batir, su ci ƙarfen alminiyam, su kuma ƙara wa ruwan ƙarfin ɗaukar wuta. Akwai masu ganin cewa tunda ruwa ba ya daskarewa a Kano babu buƙatar sinadarin, alhali maganin tsatsa yana cikinsa ne. Nisan garejin da ke da kayan aiki da ƙwararru, wanda galibi sai a manyan birane, yana sa mai mota ya fi karkata ga yin dabara a gida.

Akwai hatsari ga gidan manomi ma. Etilin gilaikol guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, kuma kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙoda. A gidajen da ake ajiye mota kusa da turken awaki da tumaki, ruwan da ya ɗiga a ƙasa ko aka bari a buɗaɗɗen galan barazana ne ga dabbobi da ƙananan yara.

Dubawa da gyara

Ana duba ruwan ne idan mota ta huce, tana tsaye a wuri mai daidaito. Ya kamata ya kasance tsakanin layin MIN da na MAX da ke jikin tanki. Ba a buɗe murfin tanki yana da zafi, kuma ba a taɓa wayoyi masu launin lemo, domin su ne ke ɗauke da babbar wuta.

Ƙa'idar ƙara ruwa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma tana cikin littafin jagorar mota. Tesla, alal misali, ta hana mai mota buɗe tankin ko ƙara ruwa da kansa, kuma ta ce a yawancin yanayi ruwan batirinta ba ya buƙatar canji har ƙarshen rayuwar motar. Na Chevrolet Bolt kuwa ana canza shi bayan shekara biyar ko kilomita 240,000. Launi kaɗai ba ya tabbatar da nau'in ruwa, domin akwai shuɗin ruwan lagireto na gama-gari da ba daidai yake da na musamman ba. Gauraya nau'i biyu na iya sa su yi gudaji, kuma yana iya zama hujjar soke garanti.

A gareji, makaniki kan matsa wa zagayen iska ya ga ko zai riƙe, ya auna ko wuta na zurara daga batir zuwa jikin mota, sannan ya cika ruwan da na'urar da ke zuƙe iska tukuna, ya kunna famfuna ta kwamfuta don fitar da sauran. Ga sabuwar motar da ke cikin garanti, wannan aiki yana wuyan dillali ne. Ɗaukar hoton tanki ranar karɓar mota da kuma bayan kowane mako a watannin farko yana taimakawa wajen bambance raguwar da ta tsaya da wadda ke ci gaba. Idan gargaɗin ruwa ya zo tare da na zafin batir ko na matsalar wuta, ko aka ga danshi a ƙarƙashin tsakiyar mota wanda ba farin ruwan na'urar sanyaya ɗaki ba, ana tsayar da tuƙi da caji, a ajiye motar a fili nesa da ɗaki, rumbu da tarin kara, sannan a ɗauke ta a kan babbar mota zuwa gareji.