Yauƙin da ke koro mai daga cikin dutse

Kar ka ɗauka ɗanyen mai tafki ne a ƙarƙashin ƙasa. Cikin 'yan ƙofofin dutse yake maƙale, kamar ruwa a soso. In rijiya ta ja baya, sai a tura ruwa ta wata rijiyar ya koro shi. To amma ruwa tsinkakke ne, sai ya ɓulle ta hanya guda ya wuce, ya bar man a baya.

Ɗaliban injiniyan mai na gwada maganin wannan a ɗakin gwaji. Su cika bututu da yashi, su jiƙa shi da ɗanyen mai, su tura ruwa, su auna abin da ya fito. Sannan su kaɗa garin folima cikin ruwan, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, su sake turawa. Yanzu ruwan tare yake tafiya, ba ya zarcewa, sai ga ƙarin mai.

A Daqing ta ƙasar Sin, tun 1996 ake wannan aiki gadan-gadan. Sai dai gishiri na tsinka yauƙin, shi ya sa aka fi son ruwa mai daɗi. Ran da ka ji za a kawo dabarar filin mai irin na Agadem, tambayi inda za a ɗebo ruwan, don irinsa dabbobinka ke sha.