Tsagar Gado Wadda Ba Wanzami Ya Yi Ba

A shekarar 1970 Shehun Malami Abdullahi Smith na Sashen Tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya buga maƙalar da ta girgiza masu riƙon cewa daga Bayajida Hausawa suka faro. Hujjarsa ita ce, kafin a yi sarauta sai an sami jama'ar da za a sarauta, kuma jama'ar nan ta daɗe a gindin duwatsu irin su Dala da Kufena. A 1979 John Sutton, wanda shi ma ya koyar a Samaru, ya ƙara da cewa harshen Hausa daga gabas ya bazu zuwa yamma. A zamaninsu ba su da shaida sai ta harshe da kufai. Yanzu kuwa jini ma ya zama shaida.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗa namiji yana gadon wata ƙwayar halitta da masana ke kira Y daga ubansa kaɗai, shi ma daga nasa uban, har iyakar kakanni. Jefi-jefi sai ɗan canji ya auku a cikinta, daga nan kuwa duk jikokin mutumin nan maza sai su ɗauki wannan alama, tamkar tsagar gado. Da irin wannan aka gano cewa Mundawan Indiya, masu harsunan da suke dangi da na Kambodiya da Biyetnam, da yawansu suna ɗauke da alamar O-M95 wadda ta fito daga gabas, alhali kuwa jinin iyayensu mata na Indiya ne. Watau maza ne suka zo da harshe, suka yi aure a inda suka sauka.

To, mu fa? Hausa tana cikin harsunan da ake kira na Chadi, tare da Bole da Angas da Margi. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa na Jami'ar Sapienza ta birnin Rum suka ba da labarin wata alama, R-V88, wadda ta yi yawa a tsakanin masu waɗannan harsuna. A wata ƙabila ta duwatsun Mandara a Kamaru, Uldeme, ta kai kashi 95 cikin 100. Abin mamaki, danginta na kusa ba a Afirka suke ba, a Turai suke da yammacin Asiya, kuma daga baya an same ta a tsofaffin ƙasusuwa a bakin kogin Danube da tsibirin Sardiniya. Masanan sun ƙiyasta cewa ta yaɗu tsakanin shekara 9,200 da 5,600 da suka wuce, lokacin da Hamada take da ciyawa da tafkuna. Wanda yake shakkar ruwan zamanin nan, sai ya tuna da kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a ƙasar da yanzu take Jihar Yobe, mai kimanin shekara 8,000. Ba dukan masana suka yarda da hanyar da aka biyo ba; akwai masu ganin Larabawan Baggara ne suka kawo ta daga baya.

Sai dai kada ɗalibi ya yi gaggawar cewa an gano kakan Hausawa. A cikin Hausawan Nijeriya da Cruciani ya gwada, kashi 20 ne kawai suke da alamar, kuma mutanen ƙalilan ne ƙwarai. A Hausawan Sudan, binciken 2008 ya sami zuriyar R1b, wadda V88 take reshenta, a kimanin kashi 40. Saura, waɗanda su ne mafi yawa, wasu zuriyoyi ne dabam. Wannan ba zai ba mutumin Sabon Garin Zariya mamaki ba, domin tun zuwan jirgin ƙasa unguwar take tara Nufawa da Yarabawa da Barebari, ga shi jikokinsu da yawa ba su da harshen da ya fi musu sauƙi a baki kamar Hausa.