Ina Ungulu Ta Shiga?

Duk wanda ya tashi a Kano, Zariya ko Katsina kafin shekarun 1990 ya san ungulu a bakin kwata. Sukan jeru a kan katanga, wuya a ƙanƙance, suna jiran mahauta su watso kashin tumbi da guntun hanji. Yau yaro kan gama firamare bai taɓa sa ta a ido ba, sai dai ya ji manya na cewa ungulu ba ta jewar banza. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Akan ɗora laifin a kan sare rimi da kuka, inda take sheƙa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni a ganina kasuwa ce ta cinye ta. Bokaye da 'yan tsubbu na neman kanta da ƙwanta da gashinta don haɗa asiri, mafarauta kuwa sun gano hanya mai sauƙi: a barbaɗa maganin ƙwarin gona a jikin mushe, a koma gefe a jira. Mushe ɗaya kan kwantar da garke guda. A Gini Bisau, a 2020, an kashe sama da 2,000 da guba, da yawa an tsince su ba kai. Ga shi tsuntsuwa ce mai ƙwai ɗaya tak a shekara, ba ta iya mayar da abin da aka ɗebe. Tana ƙaranci farashinta na tashi, har fatake na tsallakawa Nijar da Chadi da Kamaru neman ta.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba mai jin zafin rashinta, don mun ɗauke ta ƙazama. Alhali ita ce mai sharar gari, cikinta na narkar da ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Indiya ta ɗanɗana: maganin shanu diclofenac ya kashe sama da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulunta, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, sai a 2006 aka haramta ba dabbobi maganin. Mu ma mushen jaki kan yi kwanaki a bola yana wari, ƙudaje na tashi daga kansa su sauka a tiren mai tsire.

Najeriya na da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, amma har yanzu ana baje kawunan ungulu a rumfunan masu magani da rana tsaka.