Injin Ban-Ruwa Da Ya Ƙi Silo

Ya kai mai karatu, in kai mutumin ƙasar Ƙaraye ne ko ta Rogo, ka san yadda noman rani ya sake. A da, da jigo a ke ɗebo ruwa, guga guga. Yanzu kuwa, musamman tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin 1992, ƙaramin inji mai shan fetur shi ke shayad da tumatur da albasa da alkama. To, injin nan yana da wata cuta wadda ya kamata ka san maganinta da kanka, gama shuka ba ta jiran bakanike.

Ga alamarta. In ka ba shi wuta sosai sai ya yi ta aiki. Amma da ka rage wuta domin ka mai da tiyo wani fangali, sai ya yi tari ya mutu, ko kuwa muryarsa ta riƙa hawa tana sauka. Makanikai su kan ce ya ƙi silo, watau ya kasa tafiya a hankali. Lafiyayyen inji irin na Honda GX160 ya kan juya kamar sau 1,400 cikin minti guda in yana silo, sau 3,600 kuwa in an sake masa wuta duka.

Abincin inji fetur ne gauraye da iska, inda a ke gauraya su kuwa shi ne kafireta. A cikinta akwai ƙofofin mai guda biyu, ana ce da su jet. Babba ita ke aiki sa'ad da a ke ba da wuta. Ƙaramar, ta silo, ramin allura ma ya fi ta faɗi. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe ta. Shi ya sa za ka ga inji yana gudu lafiya amma ya kasa tafiya sannu.

Abin da ya fi toshe ta shi ne tsohon fetur. Ka ajiye inji tun farkon damina da sauran mai a cikinsa, sai man ya bushe ya bar wani danƙo kamar ƙaro. A Kanada da arewacin Amurka suna da injin share ƙanƙara daga ƙofar gida, ɗan'uwan namu ne. Shi ma ya kan kwana a ɗaki watanni, ran da aka fito da shi sai ya yi wannan tari. Cuta ɗaya, magani ɗaya.

Kafin ka kwance kome, yi wannan gwaji. Ta da inji, rage wuta, sa'an nan ka ja cok zuwa rabi. Aikin cok rage iska ne. In murya ta daidaita, to, mai ne ya yi masa kaɗan: ko ƙaramin jet ya toshe, ko gasket da ke bayan kafireta ya yage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. In kuwa abin ya daɗu, ga baƙin hayaƙi a salansa, to, iska ce ta gaza. Buɗe wurin soson iska ka duba, gama ƙurar hunturu ba ta raga masa. Wanke shi da sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse.

In laifin mai ne, kashe inji, bar shi ya huce, wanda ke shan taba kuwa ya yi nesa. Rufe famfon mai. A ƙarƙashin kafireta akwai ɗan kwano mai noti. Tsiyaye abin da ke ciki a farar kwalba ka ɗaga ta sama. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. Tun da aka cire tallafin mai cikin
2023 kuɗinsa ya hau, jarabar sayen na bakin hanya ta yi yawa, amma ba kowace jarka ce mai tsabta ba. Tace shi da ƙyalle ko daga ina ya fito. Sa'an nan ka zare ƙaramin jet, ka wanke shi da sabon fetur, ka hura har ka hangi haske ta ramin. In ya ƙi, sa silin waya guda mai laushi. Kada ka sa allura ko ƙusa: ramin da ka faɗaɗa ba ya komawa, inji kuwa zai riƙa shan mai har ƙarshen ransa.

Duba fulogi kuma. In bakinsa ya yi baƙi, goge shi. Tsakanin haƙoransa ya zama milimita 0.7 zuwa 0.8. In inji ya kan mutu bayan 'yan mintoci, sassauta murfin tanki, wataƙila ramin numfashinsa ne ya toshe.

Akwai wani sukuru da a ke ƙara silo da shi, shi ne kowa ke fara kai wa hannu. A ganina shi ya kamata ya zama na ƙarshe, domin murɗa shi ɓoye cuta ya ke yi. Kada kuma ka ja sifirin na gwamna, watau abin da ke tsare gudun inji. In duk wannan bai yi ba, sai a kai wa bakanike ya duba bawul.

Ran da ka gama ban-ruwan bana, rufe famfon mai, bar inji ya yi ta aiki da ruwa a cikin famfonsa har ya mutu don kansa. Tsiyaye kwano da tanki, sa'an nan ka ajiye shi inda damshi ba ya kaiwa.