"Kawu, a samo masa sikolashif": abin da ya kamata iyaye su sani kafin su kashe ko kwabo

Da zarar sakamakon WAEC ya fito, wayoyin Hausawan yankin Washington ba sa hutawa. Daga Kano, daga Zariya, daga Maraɗi, maganar ɗaya ce: "Kawu, yaron nan ya ci kiredit tara, don Allah a samo masa sikolashif a wajenku." Mazauna College Park su abin ya fi shafa, tunda babbar jami'ar jihar Maryland a cikin garinsu take. Sai na gida su ɗauka ai shiga ofis ne kawai a gaisa da wani babba a karɓo takarda.

Cikakken tallafin karatun digirin farko akwai shi, kuma 'ya'yan talakawa na samu. Sai dai kawu ba ya iya samo shi, ejan ma haka. Ɗalibi ne ke nema da kansa, a makarantar da ke bayarwa, kafin a rufe ƙofa.

Lissafin College Park

Jami'ar Maryland, wadda aka kafa a 1856, ta gwamnatin jiha ce, don haka farashinta biyu ne. Ɗan jiha yana biyan kusan dala 12,000 a shekara, wanda ba ɗan jiha ba kuwa sama da dala 40,000, ban da ɗakin kwana da abinci da littattafai da inshorar lafiya. Yaron da ya zo daga gida da bizar ɗalibta ta F-1 farashin baƙi zai biya, ko da a ɗakin kawunsa yake kwana. Ba shi da rabo a tallafin gwamnatin tarayya da ake nema ta fom ɗin FAFSA, wanda aka tanada wa 'yan ƙasa da masu girin kad da makamantansu. Kafin ma jami'a ta ba shi takardar I-20 da ake neman biza da ita, sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda. Masu cewa "in ya zo zai yi aiki ya biya" su sani, doka ta ba shi awa 20 ne kacal a mako lokacin karatu, a cikin makaranta. Wannan kuɗin sabulu ne.

Tallafi mafi girma a jami'ar shi ne Banneker/Key, wanda cikakkensa ke ɗauke kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Ana zaɓo masu shi ne daga cikin zaratan da aka ɗauka a Honors College, bayan an yi musu intabiyu, kuma sai wanda ya miƙa takardunsa zuwa 1 ga Nuwamba. Iyayen da 'ya'yansu ke ajin ƙarshe na sakandare a nan Maryland, ku riƙe wannan rana da kyau. Wanda ke gida kuwa, kafin ya biya kuɗin fom, ya aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel ya tambaya ƙarara: wane tallafi kuke ba mai bizar F-1, kuma nawa ne?

Inda manyan kuɗin suke

Abin mamaki, jami'o'in da suka fi tsada su suka fi ɗaukar nauyin ɗan talaka, domin masu zaman kansu ne, suna da dukiyar da tsofaffin ɗalibai suka tara musu. Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin ba sa duba aljihun uba wajen ɗaukar ɗalibi, ko daga wace ƙasa yake, kuma in sun ɗauke shi za su cike duk abin da gidansu ya kasa biya. A watan Maris na 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da abin da suke samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ɗansu ba zai biya komai ba. To amma fa shigar ce aiki, don a cikin masu nema 100, waɗanda take ɗauka kusan 4 ne kacal.

Saboda haka kada yaro ya tsaya kan manyan sunaye. Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky ba ta karɓar kuɗin karatu, amma kowane ɗalibi sai ya yi mata aikin aƙalla awa 10 a mako. Jami'ar Washington and Lee a Virginia, maƙwabciyarmu, tana da tallafin Johnson wanda baƙi ma ke nema. Kuma 'yan Najeriya ba baƙi ba ne a wannan fage: rahoton Open Doors ya nuna su 20,029 ne ke karatu a Amurka a zangon 2023/2024. Tambayar ita ce, nawa ne namu a ciki?

Ba a fafe gora ranar tafiya

Babban abin da ke kayar da yaranmu shi ne makara. Ana buɗe shafin Common App, inda ake neman jami'o'i da yawa da fom ɗaya, ranar 1 ga Agusta. Zagayen farko yakan rufe a farkon Nuwamba, na biyu a farkon Janairu, don karatun da za a fara a Agusta mai zuwa. Ke nan shiri tun daga SS2 yake farawa.

Abubuwan da za a tanada: sakamakon kowane zango na SS1 zuwa SS3 da hatimin makaranta, wasiƙun shaida daga malaman da suka san yaron da gaske, jarrabawar SAT, wadda MIT da Harvard da Dartmouth suka dawo da wajabcinta, TOEFL ko Duolingo, musamman ga 'yan Nijar masu BAC, sai fom ɗin CSS Profile, inda uba zai bayyana abin da yake samu. A faɗi gaskiya a nan. Wanda ya ƙara wa kansa arziki don jin kunya, tallafin ɗansa ya rage.

Sai kuma rubutun da bai wuce kalma 650 ba, inda ɗalibi zai ba da labarin kansa. Yaranmu kan raina abin da suke da shi. Yarinyar da ta haddace Alƙur'ani tana kuma koyar da ƙannenta lissafi, ko yaron da ke riƙe wa babansa littafin bashi a Kantin Kwari, suna da labarin da masu tantancewa ba su saba gani ba. Wanda bai da kuɗin fom yana iya neman a yafe masa ta cikin Common App. Shawara kuma kyauta ce a ofisoshin EducationUSA na Abuja da Legas da Yamai.

Maganar biza

A nan ne abin ya yi tsauri. Ranar 16 ga Disamba 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, wanda ya dakatar da ba 'yan Najeriya sababbin bizar ziyara da ta ɗalibta, ya kuma sa Nijar cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa baki ɗaya. Bai shafi masu girin kad ba, Ghana kuma ba ta cikin jerin. Don haka kafin a biya dala 350 na SEVIS da dala 185 na biza, a duba shafin ofishin jakadanci a ga inda aka kwana. Wanda ya riga ya samu gurbi ya roƙi jami'ar ta ɗage masa zuwa wata shekarar.

Shi ya sa mai hankali ba zai dogara ga Amurka kaɗai ba. Gwamnatin Turkiyya kan buɗe Türkiye Bursları daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma tana biyan kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi da alawus na wata, har da shekara guda ta koyon harshe. Jami'ar Toronto a Kanada tana da tallafin Lester B. Pearson na shekara 4 ga ɗalibai kusan 37, amma sai makarantar sakandaren yaro ta gabatar da sunansa. Gidauniyar Mastercard kuma tun 2012 take ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka, ciki har da a jami'ar Ashesi da ke Ghana.

To mene ne aikin kawu?

Yana da aiki, babba ma. Ya biya kuɗin SAT, ya sayi data, ya karanta rubutun yaro ya ba shi shawara ba tare da ya rubuta masa ba, ya riƙa tuna masa ranakun rufewa. Ya kuma tsaya tsakanin iyali da 'yan damfara. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi ta WhatsApp yana da "hanya" a jami'a, ƙarya yake. Sikolashif na gaskiya ba a sayar da shi, kuma adireshin jami'o'in Amurka da .edu yake ƙarewa. Kada a sayar da gona ko fili a kan alkawarin baki.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya ba mai rabo sa'a.