Daga Dandamali Zuwa Talabijin: Sauyin da Wasan Kwaikwayon Hausa ya Samu

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba abin da ya sami wasan kwaikwayon Hausa sa'ad da aka ɗauke shi daga dandamali aka kai shi gaban na'urar ɗaukar hoto. A ganinmu, talabijin ya ƙara wa wasan 'yan kallo, amma ya rage masa dogaro da rubutu.

Kafin Zuwan Talabijin

Rubutaccen wasan Hausa a makaranta ya yi wayo. Littafin wasanni shida na Dokta R. M. East ya fito a 1930. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda 'yan Midil ta Sakkwato suka fara yi, an buga shi a 1949. Daga nan sai rediyo ya karɓa, domin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi sun shiga kunnen jama'a kafin su zama littafi.

Shigowar Talabijin

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, na Kaduna kuwa ya biyo baya a 1962. A 1977 aka haɗa gidajen ƙarƙashin hukumar NTA. 'Yan wasan farko daga makarantu da ƙungiyoyin wasa da rediyo suka fito, suka zo da halin dandamali: ɗaga murya, faɗaɗa motsi, da jiran dariyar 'yan kallo. Na'ura kuwa ba ta bukatar ko ɗaya. Tana matsowa kusa da fuska, ta yadda harara ɗaya kan isar da abin da a dā sai an yi shi da dogon jawabi.

Babban sauyin kuwa shi ne na lokaci. Wasan dandamali akan yi makonni ana gwajinsa, a nuna shi dare ɗaya. Talabijin yana neman sabon wasa kowane mako, rubutattun wasanninmu kuwa ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Saboda haka sai mai shiri ya tsara ƙashin labari, 'yan wasa su tufatar da shi da maganar da ta zo bakinsu. Ta haka tauraro ya fi labari ƙarfi. Jama'a Samanja suke jira, wato Usman Baba Pategi, ko Ƙasimu Yero a Karambana, ba wani marubuci ba.

Kammalawa

Wannan hanya ta ba mu Hausa mai rai, irin ta kasuwa da bariki, sai dai abin da baki ya faɗa ba a rubuta ba, iska ke tafiya da shi. Ɗalibi zai iya ɗauko Wasan Marafa ya nazarta, amma ina zai samo nassin Samanja? Muna ba da shawara ga sassan Hausa na jami'o'inmu su nemi faifan da suka rage, su juye su a takarda tun kafin su lalace.